Shekarar da muka yi musayar dodanni da makarantu uku

Ni ɗan Damagaram ne, amma yau shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyarwa a wata makarantar firamare ta gwamnati a Roubaix, can arewacin Faransa, dab da iyakar Beljiyam. Ajin ƙarshe nake riƙe da shi, wanda a nan ake kira CM2, yara 'yan shekara goma zuwa sha ɗaya. "Monsieur" suke ce mini, kalmar nan da mu a Zinder muka lanƙwasa ta koma "mushe". Bara na yi shekarar karatu guda cur ina aiki da wasu azuzuwa uku da ban taɓa taka ƙofarsu ba: ɗaya a Krakow ta ƙasar Polan, ɗaya a wani ƙaramin gari kusa da Palermo a tsibirin Sisiliya na Italiya, ɗaya kuma a Akşehir ta Turkiyya. Abin da ya haɗa mu shi ne dodanni da samudawa da wawaye da tsofaffin da ke cikin labaran gargajiya na kowane wuri. Babu yaron da ya hau jirgi. Zane ne ya yi tafiya, da murya, da kwali guda ɗaya.

Hanyar da muka bi ita ce eTwinning, shirin da Tarayyar Turai ta ƙaddamar a 2005 don haɗa malaman makarantu ta intanet, wanda tun 2014 ya shiga ƙarƙashin Erasmus+, babban shirin ilimi na Tarayyar. Ba a ba da ko sisi a ciki, ba a kuma karɓar ko sisi. Za ka yi rajista da sunanka da na makarantarka, ofishin shirin na ƙasarka ya bincika ya tabbatar da gaske malami ne kai. Aiki irin namu ba ya buɗuwa sai malamai biyu daga ƙasashe biyu sun kafa shi, ofisoshin ƙasashensu sun amince, sannan a ba ku wani ɗaki na intanet mai makulli da ake kira TwinSpace, inda babu mai shiga sai wanda kuka gayyata. Malamar Krakow ce ta fara cigiyar abokan aiki a watan Satumba. Ni na amsa, muka kafa, sauran biyun suka biyo baya cikin mako guda.

Kalanda ce ta fara ba mu wuya. Mu muna hutun mako biyu a ƙarshen Oktoba, makarantarmu kuma ba ta karatu ranar Laraba. Turkiyya suna hutu a ƙarshen Janairu, Polan suna nasu na hunturu, Italiya kuwa tun farkon Yuni suke rufewa alhali mu sai farkon Yuli. Ga shi agogon Turkiyya yana gaban namu da awa biyu a lokacin sanyi, domin tun 2016 suka daina juya agogo. Da muka tankaɗe duk wannan, sai ranar Alhamis da hantsi kaɗai ta rage. Sai kuma takardar izinin iyaye. Dokar kare bayanan mutane ta Turai, wadda ta fara aiki a 2018, ba ta wasa da hoton yaro. Cikin yarana ashirin da huɗu, iyayen bakwai suka ce ba su yarda a ajiye hoton fuskar ɗansu ba. Maimakon a ware bakwai gefe, sai muka shirya mu huɗu cewa duk abin da za a ajiye a ɗakin, hannu ne da murya da zane, ban da fuska.

Ranar farko na tambayi ajin: wace halitta ce ta garinmu za mu aika wa baƙinmu? Hannaye suka tashi kamar an shuka su. Amma duk abin da suka lissafa daga majigin yara yake, ko daga wasannin waya. Biyu kacal suka taɓa jin sunan Lydéric da Phinaert, alhali gumakansu suna tsaye a gindin hasumiyar gidan magajin garin Lille, mai tsawon mita 104, kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa mai lamba biyu yana kai ka daga Roubaix ba tare da ka canza ba. Sai na kwashe su muka je. Muka tsaya cikin yayyafi na ba su labarin.

Wajen shekara ta 620, in ji masu labarin, wani basarake daga Dijon mai suna Salvaert ya gudo da matarsa Ermengaert tana da tsohon ciki, suna nufin Ingila. A wani daji da ake kira Dajin Rashin Tausayi, basamude Phinaert ya tare su da mutanensa, ya kashe mijin. Matar ta tsere, ta haihu a bakin wata maɓuɓɓuga, ta ɓoye jaririn kafin a kama ta. Wani bawan Allah mai zaman kaɗaici a dajin ya tsince shi, ya raɗa masa sunansa, Lydéric, barewa ta shayar da shi. Da ya kai shekara ashirin ya dawo, ya ƙalubalanci Phinaert a gaban sarki Dagobert, ya kashe shi, ya fito da mahaifiyarsa daga inda take tsare, aka ba shi ƙasar, ya kafa Lille.

Sun saurara da ladabi. A hanyar komawa wani yaro ya matso kusa da ni a jirgi ya ce, "Mushe, wannan labarin ai na Faransawa ne." A Roubaix aka haife shi. A Roubaix aka haifi ubansa. Kakansa ne ya zo daga Aljeriya ya yi aiki a masaƙun garin, kamar yadda 'yan Beljiyam da Italiya da Polan da Fotugal suka zo a zamaninsu. Maganar ta tsaya mini a rai. Ban ba shi amsa ba, domin a lokacin ba ni da amsar da zai yarda da ita.

Aikinmu na farko tare, shi ne wanda har gobe nake ba kowane malami shawara ya fara da shi. Kowane aji ya rubuta siffar halittarsa cikin jimloli goma na Ingilishi mai sauƙi, babu suna, babu hoto. A aika wa wani aji su zana abin da suka fahimta. Mu muka samu ta Krakow. An rubuta cewa yana zaune a kogo, yana da sulke kore, ƙishirwa ce ta kashe shi. A ƙasan takardar wani yaro ya manta ya bar kalmar "smok", wato dodo mai aman wuta da harshensu. Yarana da ɗan Ingilishinsu suka ɗauka hayaƙi ake nufi, sai rabin ajin suka zana wani baƙin gajimare mai idanu yana fitowa daga rami. Yaran Akşehir kuwa da suka samu Phinaert namu, suka yi masa gashin baki har kunne da wando buje, irin samudawan labaransu. Na Sisiliya da aka ce musu tsoho ne mai babban rawani da ke hawan jaki a juye, sai suka zana jakin yana tafiya da baya. Da aka buɗe ainihin hotunan, an yi dariya har da riƙe ciki, amma kowane aji ya koma ya karanta jimlolinsa goma ya ga inda ya gaza bayani. Darasin rubutu da na sha wuyar koyarwa da alli, ranar ya shiga da kansa.

Bayan nan Krakow suka turo cikakken labarin. A ƙarƙashin tudun Wawel, inda fadar sarakunan Polan take, akwai kogo a bakin kogin Vistula. Nan dodon ya tare zamanin sarki Krak, yana cinye dabbobin mutane. Sai wani baduku mai suna Skuba ya feɗe tunkiya, ya cika fatar da farar wuta, ya ɗinke tsaf, ya ajiye a bakin kogon. Dodo ya haɗiye. Cikinsa ya ɗau zafi, ya gangara kogi ya yi ta shan ruwa, ya yi ta sha, har ya fashe. Malamar ta ƙara mana da cewa a rubutun da ya fi tsufa, na Wincenty Kadłubek wajen shekara ta 1200, 'ya'yan sarki ne suka yi dabarar. Badukun daga baya ya shigo labarin. Suka haɗa da ɗan bidiyo: bayan yara ne kawai ake gani, sun yi cirko-cirko gaban gunkin dodon da Bronisław Chromy ya ƙera, wanda aka kafa a bakin kogon a 1972, suna jira. Can sai wuta ta fito daga bakinsa, suka yi ihu. Suka kuma nuna mana wasu manyan ƙasusuwa rataye da sarƙa a ƙofar babbar majami'ar Wawel. Mutanen zamanin da sun ce na dodon ne, kuma ran da suka faɗo duniya ta ƙare. Masana sun ce na dabbobin zamanin da ne, irin su giwa mai gashi da kifi whale.

Ina kallo zuciyata tana Daura. Gari, da ruwa, da muguwar halitta a rami, da wanda ya kashe ta. Ban ce komai ba, na ga aikin na Turai ne.

Har zuwa Disamba komai yana tafiya lafiya, amma sama-sama. Yara suna kwafo bayani daga intanet suna liƙawa. Malamar Sisiliya ce ta juya mana akalar aikin. Ajinta sun zaɓi Befana, tsohuwar nan mai hawa tsintsiya da ke shiga ta bututun hayaƙi a daren 5 ga Janairu, ta zuba wa yaran kirki alewa a safa, marasa ji kuma gawayi. Sun yi zane mai kyau. Sai wata kaka ta zo ɗaukar jikarta, ta dubi bangon ta ce, a zamaninsu ba Befana ke kawo musu kyauta ba, matattu ne. A Sisiliya, daren 1 ga Nuwamba wayewar 2, ana gaya wa yara cewa kakanninsu da suka rasu suna dawowa su ɓoye musu kyauta a gida, da 'yar tsanar sukari da alewar almon mai siffar 'ya'yan itace. Malamar ta rubuto mana da dare: shekara ashirin tana koyarwa, kuma ita ma haka aka yi mata tana ƙarama, amma da aka ce a nuna wa baƙi, sai ta miƙa hannu ga abin da ke cikin littafi. Ta ce mu rufe kwamfuta, mu tura yara gida.

Muka shirya tambayoyi biyar. Wa ya ba ka labari kana yaro? A ina kuke zama, da wane lokaci? Da me ake tsorata ku? Wa ke ba ku dariya? Da wace kalma ake buɗe labari? Kowane yaro ya nemi wanda ya fi tsufa a danginsa, ko ta waya ce, ya naɗi muryarsa da harshen da ya ga dama.

Kwana biyu bayan takardar ta je gidaje, na tarar da wani uba yana jirana a bakin ƙofa, hannunsa cikin aljihun rigar sanyi. Mahaifin yaron nan ne na cikin jirgi. Ya gaishe ni da kyau, sannan ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Kai ma Musulmi ne. Na ga ɗana yana zana mayya a kan tsintsiya, yanzu kuma na ji ana maganar matattu masu yawo. Ban kawo shi nan don wannan ba." Ban ga laifinsa ba. Na ce masa makarantar gwamnati a Faransa ba ta koyar da aƙida, ni ma ba na koyarwa. Abin da muke nema shi ne yaro ya san abin da tsofaffin wani wuri suke faɗa wa jikokinsu, ya kuma san na nasa tsofaffin. Na tambaye shi, "Alhaji, ita hajiyarka ba ta taɓa ba ka labarin dare ba?" Ya yi shiru, yana kallon ƙasa. Sai ya ce, "Jha." Ya ɗan murmusa. "Ƙusar Jha." Nan tsaye, motoci suna wucewa, ya ba ni labarin yadda Jha ya sayar da gidansa amma ya ce ban da ƙusa ɗaya a bango, ita tasa ce. Kullum sai ya zo duba ƙusarsa daidai lokacin cin abinci, har ran da ya rataya mushen dabba a jikinta, mai gidan ya gudu ya bar masa gida. Na roƙe shi ya maimaita wa ɗansa a naɗa. Ya ce zai duba. Ranar Litinin sai ga sautin, minti huɗu da Larabcin Aljeriya, muryar tsohuwa ce ba tasa ba. Ashe mahaifiyar ya kira.

Sautuka goma sha tara suka dawo cikin ashirin da huɗu. Da Larabci, da harshen Kabil na Aljeriya, da Fotugis, da Faransancin arewa mai kauri wanda ni kaina sai na saurara sau biyu. Wata kaka 'yar Fotugal ta yi bayanin papão, dodon da ke zama a kan rufin ɗaki yana jiran yaron da ya ƙi barci. Wani yaro mai sunan dangi na Polan, wanda bai san ko kalma ɗaya ta harshen ba, ya gano cewa kakan kakansa yana cikin dubban da suka zo haƙar kwal a wannan yanki bayan yaƙin duniya na farko, kuma kakarsa ta san badukun nan da tunkiyarsa sarai. Ta ce ba wanda ya taɓa tambayarta. Biyar da ba su kawo ba, ban tsananta musu ba. A wasu gidajen babu tsohon da za a kira, kuma na san wannan tun kafin in ba da aikin. Na haɗa su da wata tsohuwar ma'aikaciyar ɗakin cin abincin makarantar, haifaffiyar Douai, ta ba su labarin samudawan garinsu.

A watan Maris muka yi babban taronmu ta bidiyo, kai tsaye, ba a naɗa ba. Ƙarfe goma a wurinmu, sha biyu a Akşehir. Kowane aji zai yi wasan minti uku ba tare da fassara ba, sauran su ƙirga abin da suka gane. Sautin Krakow ya yi ta yankewa, sai da muka jira kusan minti goma. Sannan Sisiliya suka fito da wanda kakanninsu suka fi ambata, wani wawa mai suna Giufà.

Wani yaro ya shigo sanye da tsumma, ya ƙwanƙwasa tebur kamar ƙofa. Masu gida suka kore shi da tsintsiya. Ya fita. Ya dawo cikin babbar kwat ta ubansa, hannayenta sun rufe masa yatsu, da hula. Nan da nan aka tashi, aka ja masa kujera, aka tura masa kwano. Ya zauna, ya ɗebi taliya ta takarda ya cusa a aljihun dama, ya cusa a na hagu, ya cire hula ya zuba a ciki, yana magana da rigar.

Kafin ya ƙarasa, murabba'in Akşehir a allonmu ya hargitse. Yara sun miƙe, suna nuna allo, suna faɗin abu ɗaya da ƙarfi. Malaminsu ya matso ga makirfo yana dariya ya ce suna cewa, "Ci, rigata, ci!" Wannan ai Nasreddin Hoca ne, wato Malam Nasiruddin, shi ya tsoma hannun jabbarsa a miya ya ce ta ci, tunda ita aka karrama ba shi ba. Kuma labarin da su ma suka shirya ke nan, ga jabbar a hannun wani yaro. Ina ƙoƙarin fassara wa ajina, sai na ga wata yarinya 'yar asalin Maroko, wadda tun Satumba ban ji muryarta ta wuce raɗa ba, ta miƙe tsaye a layin baya. Kujerarta ta faɗi ba ta waiwaya ba. Ta ce, "Mushe, Jha ne! Kakata ta faɗa mini! Yana cikin wayata!" Yaron nan na cikin jirgi ya juya ya dube ta, ya dubi allo, ya ce, "Me ya kai Jha Italiya?"

Tambayar nan ta ci mana mako uku, kuma su ne makonni mafi daɗi da na yi a aji. Muka shimfiɗa taswirar Bahar Rum a ƙasa. Larabawa sun sauka Sisiliya daga Tunisiya ta yau a 827, suka ci Palermo a 831, kuma sai a 1091 garinsu na ƙarshe ya fita hannunsu. Fiye da shekara ɗari biyu da hamsin. Juha na Larabawa, wato Jha, ya zauna, harshen tsibirin ya mayar da shi Giufà. Malamar can ta gaya mana labarin Giuseppe Pitrè, likita a Palermo da ya bi gidaje yana rubuta labaran talakawa da bakinsu, ya buga su a 1875, kuma wadda ta fi ba shi labari ita ce Agatuzza Messia, mai ɗinkin barguna da ba ta iya karatu ba, wadda ta yi renonsa. Yarana suka ce, ashe irin aikinmu ya yi. Na ce haka ne.

Na Akşehir ba su saki ba. Suka turo hoton kabarin Hoca a garinsu, inda ake cewa ya rasu a 1284, da ƙofarsa mai ƙaton kwaɗo alhali gefe a buɗe yake. Suka ce mai kabari shi ke da mutum. Suka kawo hujjar cewa a 2022 hukumar UNESCO ta sa al'adar ba da labaransa cikin gadon duniya; malaminsu, mutum mai gaskiya, ya tuna musu cewa ƙasashe bakwai ne suka nema tare. Ni a ganina gardamar ta fi hukuncin amfani, shi ya sa ban yanke ta ba. Abin da na lura da shi shi ne halin ya bambanta: Hoca malami ne mai fakewa da wauta, Giufà wawa ne da gaskiya kan faɗo daga bakinsa, shi ne wanda uwarsa ta ce in zai fita ya jawo ƙofa, ya ciro ta ya saɓa a kafaɗa. Jha na Arewacin Afirka kuwa ɗan duniya ne, mai ƙusa. Yara 'yan shekara goma suka iya fitar da wannan bambanci da kansu, da layi uku a allo.

A cikin makonnin nan ne na kira Inna a Zinder. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunana. Bayan gaisuwa na ce, "Inna, so nake ki yi mini tatsuniyar Gizo in naɗa." Ta ce, "Da ranar nan tsaka? Kai yaron nan, har ka manta ba a tatsuniya da rana? Bari sai an yi isha'i." Bayan isha'i ta kira da kanta. Ina jin motsin tabarma da muryoyin jikoki suna matsowa. Ta yi ta Gizo da hankaki, yadda suka ara masa fuka-fukai ya bi su cin ɓaure a tsakiyar kogi, haɗama ta sa kowane ɗan ɓaure ya ce nasa ne, suka karɓe gashinsu suka bar shi a kan itace. Tana kwaikwayon tsamin bakin Gizo kamar yadda take yi shekara talatin da suka wuce. Da ta ce ƙurungus, na ce ta ƙara mini da ta Bayajida da macijin nan Sarki, wanda ya hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Muryarta ta canza. Ta ce, "Wannan ba tatsuniya ba ce. Tarihi ne. Rijiyar Kusugu tana nan, je ka gani da idonka."

Washegari na gaya wa malamar Krakow. Ta ce abin da yaranta suka yi mata ke nan daidai, da ta sa dodon Wawel cikin jeri ɗaya da Baba Jaga, mayyar daji mai ɗaki a kan ƙafar kaza. Ita ta ƙarya ce, in ji su, shi kuwa ga kogonsa. A harshensu ma suna biyu ne, kamar yadda muke raba tatsuniya da tarihi. Kowa da abin da yake nunawa da yatsa: waɗannan ƙashi, waɗancan kabari, mu rijiya. Ita ce ta nace sai na kawo Daura cikin aikin, ta ce tunda ina tsaye gaban aji a Roubaix, abin da ke bakin uwata ya riga ya shigo Turai. Na sa shi a shafi ɗaya, kusa da dodonsu.

Daga tambaya ta biyar muka tara mabuɗan labari. Faransawa da Italiyawa suna cewa akwai wani lokaci. Na Polan suna cewa can bayan duwatsu, bayan dazuzzuka. Na Turkiyya ya fi burge yarana: akwai, kuma babu. Suna rufewa da cewa tuffa uku sun faɗo daga sama. Cikin duk waɗanda muka tara, namu na Hausa ne kaɗai mai jiran amsa, sai azuzuwan suka ɗauke shi ya zama sallamar buɗe taro. Yaro a Palermo ya ce "Gatanan gatananku," a ji Krakow da Akşehir sun amsa "Ta zo mu ji ta," kowa da karin harshensa.

Sauran aikin ya tafi da sauri. Kwalin da muka cika da 'yan tsanan takarda ya zaga makarantu huɗun, kowa ya ƙara nasa. Ya ɓace mako biyar a hannun masu jigila tsakanin Sisiliya da Turkiyya, ya fito gefe ɗaya a jiƙe, wuyan dodon a karye, yaran Akşehir suka ɗaure shi da zare ja. Muka rubuta labari ɗaya na haɗin gwiwa, kowane aji babi biyu, a gurguje saboda Italiya za su rufe. Gaskiya bai kai sautukan kakanni daɗi ba. Labarin da mutum tamanin suka rubuta ba shi da murya. Na cika takardar neman lambar inganci ta ƙasa, wadda ofishin shirin ke bayarwa bayan ya duba aikin, aka ba mu bayan hutu. Yaron nan har shekara ta ƙare bai so Lydéric ba, ban kuma matsa masa ba. Amma shi ya zana bangon littafin, ya sa Jha a kan jaki yana wucewa ta gindin hasumiyar Lille.

Ranar Lahadin da ta biyo bayan 5 ga Yuli, makaranta a rufe, na ɗauki 'yata mai shekara bakwai muka hau jirgin ƙasa zuwa Douai, tafiyar kamar rabin awa daga Lille, don mu ga abin da tsohuwar ɗakin abinci ta ba da labari. Gayant, ƙaton gunkin basamuden garin, ya fito daga lungu, mita takwas da rabi, kilo 370, mutum shida a ƙarƙashin siket ɗinsa suna ɗauke da shi, ba ka ganin komai nasu sai takalma. Masu saƙar kwando na garin ne suka fara ƙera shi a 1530, kuma har yau mutanen Douai 'ya'yan Gayant suke kiran kansu. Matarsa Marie Cagenon tana biye, sai 'ya'yansu uku, Jacquot da Fillon da autansu Binbin, harara-garke, wanda iyaye ke ɗaga jarirai su sumbace shi don kada idonsu ya karkace. 'Yata ta riƙe hannuna gam da ƙaton ya juyo yana rawa, inuwarsa ta rufe mu.

A jirgin komawa ta tambaye ni ko mu ma muna da irinsa a garin Inna. Na ce muna da Dodo, muna da Gizo da matarsa Ƙoƙi. Ta ce in gaya mata. Shekara bakwai ina karanta mata littattafan Faransanci kafin barci, ban taɓa yi mata tatsuniya da Hausa ba, kuma sai a kujerar nan na ji nauyin abin. Na ce sai dare. A arewacin Faransa a watan Yuli rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma. Ta ci abinci, ta yi wanka, ta zauna a bakin taga cikin rigar barci tana gadin rana, mahaifiyarta na cewa ta kwanta tana cewa tukuna. Da hasken ya gushe daga kan rufin maƙwabta ta zo ta ja ni. Na kashe fitila, muka zauna a ƙasa. Na ce, "Gatanan gatananku." Ta yi shiru tana jira. Na ce mata ba a ci gaba sai an amsa, na faɗa mata abin da za ta ce. Na sake. Ta amsa, a hankali, tana lalubar kalmomin ɗaya bayan ɗaya, sai na fara da hankaki da ɓauren tsakiyar kogi.